Layi Huɗun da Na Toshe wa Baki

Kun zo mini ranku a ɓace, wai injin da kuka gina a cikin inji ya ƙi ganin por seri, ƙofar da ake jona wa inji waya, har kun yi awa biyu kuna fama da shi. Awa biyu! Ni da na taɓa yin kwana uku a Keita a kan waya guda ɗaya, ku yi haƙuri, ba zan iya tausaya muku ba. Wannan abu naku da kuke kira mashin birtuwel, ordinatar ne, wato kwamfuta, na ƙarya da ke zaune a cikin na gaske, ba shi da ƙofa tasa ta kansa da zai fitar da rubutu waje. Sai kun gaya masa ya ari ƙofar na gasken, kun daidaita saurin ɓangarorin biyu, kun kuma tabbatar babu wani program da ya riga ya riƙe ƙofar. Na nuna muku, ya tashi, kun yi dariya kun ce ashe ba wuya. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya sa na ce ku zauna shi ne maganar da ɗayanku ya yi lokacin da program ya ƙi haɗuwa, ya fito da kuskure a ekaran, wato fuskar injin. Cewa ya yi a cire layin kawai a wuce. Na taɓa cire layi na wuce. Ku ajiye salularku in gaya muku.

Na tashi a unguwar ma'aikata da ke jikin asibitin mishan. Mahaifina mai wankin zannuwan gadon marasa lafiya ne, ni kuwa lakwal, wato makarantar boko, ta kore ni saura kaɗan in gama, na koma gyaran fanka da firji. A farkon shekarun casa'in aka kawo wa asibitin tsofaffin ordinatar guda shida, waɗanda wasu can suka gama gajiyarwa. Ba wanda ya san kansu sai Baba Iliya, dattijon da ke kula da rediyon asibiti tun kafin a haife ni. Shi ma ba karatunsu ya yi ba, littafi ya ɗauka da tabarau ya zauna. Idonsa ya fara rauni, yana neman mai ido, aka tura ni. Ina da shekara ashirin da shida da mata da ɗa guda, amma a wurinsa ban wuce mai riƙe tocila ba, na kuwa riƙe ta kusan shekara biyu.

Aikin farko da ya bar ni na yi da hannuna, injin ɗakin magani ne da ya daina magana da na'urar buga takarda. Kafin Baba ya iso na riga na kwance na'urar, ƙusoshi cike da murfin gwangwani, ina ta zufa ina jin kaina gwani. Ya tsaya a kaina ya ce, "Ayuba, mi kaka nema cikin wanga? Kak ka zargi baƙo tun ba ka tambayi ƙohwa ba." Ya ciro ɗan ƙarfen nan na maƙala takardu, ya miƙe shi, ya lanƙwasa, ya haɗa ƙusa ta biyu da ta uku a ramin por seri, wato bakin fita da bakin shiga. Ya ce in buga harafi. In ƙofa tana da rai, abin da ka buga zai fita ya dawo maka a ekaran. Na buga, ba abin da ya dawo. Ƙofar ce ta mutu, na'urar da na farke lafiyarta lau. Yini guda na yi ina mayar da ita, shi kuwa yana zaune yana cin gyaɗa.

Kayan aikinmu duka jaka ɗaya ce ta fata. Turnabis biyu na kwance ƙusa, mita mai allura, burushin fenti, ƙarfen darma da muke ɗorawa a garwashi in gurup, injin wutar asibiti, ya mutu, sai matsefata. Matsefatar ta cire ƙaya ce, ta matar Baba, har ta rasu tana cigiyarta. Da ita muke ɗaukar wasu 'yan huluna baƙaƙe da ba su kai ƙwayar wake ba, waɗanda ake sa wa ƙusoshin kart, allon lantarkin da ake sokawa cikin inji. In ɗaya ta suɓuce ta faɗi cikin yashi, aikin ranar ya tsaya sai an tankaɗe ɗakin.

Su 'yan hulunan nan ne ke gaya wa kart wace ƙofa ce ita. Inji yana iya ɗaukar ƙofa huɗu, amma ƙararrawar da ƙofa ke bugawa don ta kira hankalinsa guda biyu ce kacal. Ta ɗaya da ta uku ƙararrawarsu ɗaya, ta biyu da ta huɗu ma haka. In ka sa abu a ta ɗaya, ka sa wani a ta uku, wanda ya riga kama igiyar ƙararrawa shi kaɗai za a riƙa ji, ɗayan ya yi ta sallama ba mai amsa masa. Ku riƙe wannan da kyau, domin a kansa labarin zai juya.

Baba ne ya koya mini rubuta program da haɗa shi. Ka rubuta, ka miƙa wa kompilatar, shi ne mai duba aikin ya ɗinke shi ya zama abin da inji zai iya bi. In ya ga abin da bai gamsu da shi ba sai ya ƙi, ya jero maka kurakurai har ekaran ya cika. Ran da na fara ganin arba'in a jere na ce ni na bar sana'ar nan. Baba ya ce, "Na hwarko kaɗai za ka karanta. Gyara shi, ka sake haɗawa, ka gani in sauran ba su watse ba." Waƙafi ɗaya na manta. Ya kan ce kompilatar ba abokin gabana ba ne, shi kaɗai ne a asibitin nan ba ya jin nauyin gaya mini gaskiya.

Masu kiranmu ba su da yawa, amma kowa da halinsa. A Keita wasu ma'aikatan furoje, wato aikin raya karkara, suna da akwatin auna ruwan sama da ya ƙi zuba lissafinsa a inji. Na canja sauri, na canja kart, na zargi batir, na zargi aljanu, ashe wayar da aka ba su miƙaƙƙiya ce, akwatin kuwa yana son wadda aka gitta zare biyu a ciki. Darma ta minti biyar ta kashe aikin kwana uku. A Buza kuma akwai wata sakatariya da ta yi wa injinta riga mai ado, ta rufe shi ruf har ramukan shan iska, don kada ya yi datti. Kullum da azahar sai ya suma. Da na ce a cire rigar, kallon da ta yi mini kamar na ce a tuɓe ɗanta a kasuwa. Muka shirya a kan a huda wa rigar taga.

Amma babban aikinmu saƙon rediyo ne. Asibiti yana kula da wasu ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, kowanne da rediyonsa da batir da farantin rana. Da can, kullum ƙarfe bakwai na safe Baba yana zama ya kira su ɗaya bayan ɗaya da murya, su gaisa, su faɗi abin da suke buƙata. Batir yana ƙarewa wurin gaisuwa, ƙugin iska yana cinye sunayen magani. Sai aka samo wani akwati da ake haɗawa tsakanin por seri da rediyo, yana mayar da rubutu ya zama kuka, a can ya sake zama rubutu. Mutum ya buga saƙonsa, ya tafi daidai, ba harafin da ya ɓace. Da idon Baba ya ƙara lalacewa, ni ne na tsaya kai da fata a daina kiran safe. Na ce ɓata lokaci ne. Aka rage muryar rediyon asibiti, aka bar shi haɗe da inji yini guda yana jiran rubutu. Mu kuma ba mu saba mayar da amsa a rubuce ba. In ka nemi magani, amsarka ita ce mota, kwana biyu ko uku za ka ji ƙugin ta.

Program ɗin da ke aika saƙon Baba ne ya rubuta zuciyarsa. A ciki akwai layi huɗu da aikinsu ɗaya ne: bayan an tura saƙo, su jira injin asibiti ya ce ya karɓa. In ya ce, sai ekaran ya nuna AN AIKA. In minti uku suka wuce shiru, ya nuna BA A AIKA BA. Ni na mayar da kalmomin nan Hausa daga Faransanci, ina kuwa alfahari da su.

Ɗakin magani na ƙarshe da muka kai wa inji yana wani ƙauye bayan Deule, can cikin duwatsu. Manjon wurin, wato ma'aikacin jinyar da ke riƙe da shi, sunansa Alasan. Musulmi ne, ɗan garin, ya fita ya yi karatu ya koma cikin danginsa. Mutum ne mai yawan dariya, in ya zo ɗaukar magani sai ya leƙo ɗakinmu ya ce, "Ina Malam Ayuba mai aljanu?" Ya daɗe yana roƙon a kawo masa nasa injin.

Ranar da za mu tafi, damina ta fara. Wayar akwatin rediyonsa mai faɗin kai ce, ba ta shiga ramin ƙofa ta ɗaya, don haka na sa masa kart na mayar da ita ƙofa ta uku, na bar ta ɗaya ba komai. Wannan ya sa dole in taɓa program in sake haɗa shi. Na miƙa wa kompilatar, ya ƙi. Kuskure ɗaya ne tak, a wurin layukan nan huɗu. Suna dogara da wani ɗan guntun program mai ƙirga lokaci, disket ɗin, wato faifan da yake ciki kuwa, zafi ya lalata shi. Mai kyau yana cikin akwatin Baba a gida, Baba ya tafi neman maganin ido, ya tafi da makulli. Direba yana ta danna oda a waje, yana ihu hadari ya haɗu, in ƙorama ta kawo ba mai ƙetarewa. In na bari motar nan ta tafi, sai bayan wata guda. Na gwada wannan, na gwada wancan, ya ƙi. Sai na sa baka ɗaya a gaban layukan, ɗaya a bayansu, alamar da ke gaya wa kompilatar ya tsallake abin da ke tsakani kamar babu shi. Na sake haɗawa, ya wuce sumul. Yanzu program ɗin zai zuba saƙo a ƙofa, ya rubuta AN AIKA, ko an karɓa ko ba a karɓa ba. Na ce a raina zan gyara in na dawo.

Muka isa, na haɗa komai, Alasan ya buga saƙon gwaji da yatsa ɗaya, ya tafi, asibiti ya samu. Ya yanka mana zakara. Ban manta da layukan a rana ɗaya ba. Wata na farko ina tunawa in ce sai mota ta gaba. Da saƙonninsa suka yi ta zuwa daidai, tunawar ta riƙa nisa, har ta zama sai in na ga sunan ƙauyen a takarda ta ɗan taɓa ni ta wuce. Aka yi shekara ɗaya da rabi ba saƙon da ya ɓace. Baba ya dawo, ban gaya masa ba, don na san abin da zai ce.

Sai shekarar sanƙarau ta zo. Wanda bai ga bazarar nan ba, ba zai gane ba. Gadaje suka cika, aka shimfiɗa tabarmi a baranda, aka koma ƙarƙashin itatuwa. Ni da ba ma'aikacin jinya ba har ni aka sa riƙe ledar ƙarin ruwa. Saƙonni suna ta shigowa daga ƙauyuka, ina bugawa ina kai wa ɗakin magani, mota tana fita kullum. Daga ƙauyen Alasan shiru. Na lura da shirun, kada ku ce ban lura ba. Har na ce wa mai ɗakin magani, da alama Allah ya tsare mutanen bayan Deule.

Wata ranar Talata da tsakar rana Alasan ya shigo ɗakin rediyo. Motar 'yan kasuwa ya biyo daga Buza. Ban gane shi da farko ba, ya rame, leɓɓansa sun tsage. Bai yi sallama ba.

"Malam Ayuba, mi munka yi maku?"

"Manjo, lahiya?"

"Kwana goma sha ɗaya ina rubuto maku. Kullum sahe. Ko babu allura ku ce babu, mu san inda za mu nuhwa."

Na juya na buɗe jerin saƙonnin da suka shigo, na bi su ɗaya ɗaya a gabansa. Ba nasa ko guda. Ya ciro wani ɗan littafi daga aljihu ya buɗe mini. Kowace rana ya kwafe saƙon da ya buga, da lokacin, da yawan waɗanda suka kamu, a gefe kuma ya rubuta abin da inji ya ce masa: an aika. Sau goma sha ɗaya. Ya ce rana ta shida ya cire akwatin ya kira da murya har maƙogwaronsa ya bushe, ba wanda ya amsa. Wa zai amsa, rediyonmu na rage masa murya da hannuna. Na rufe littafin na miƙa masa.

Babban likita ya sa aka loda allura nan take, aka ce in bi su in duba injin. A hanya Alasan ya ba ni labari, idonsa yana kan duwatsu. Mutane sun so ɗaukar marasa lafiyarsu a amalanke zuwa Buza, tafiyar rabin yini cikin wannan rana. Shi ya hana su. Ya ce girgizar hanya da zafi za su ƙarasa su, ga shi ya aika, mota tana tafe gobe ko jibi kamar yadda aka saba. Wansa Mamman, uwa ɗaya uba ɗaya, ya riga ya ɗaure shanu, ya kwantar da 'ya'yansa biyu a kan tabarma cikin amalanke, mace da namiji. Alasan ya je ya kwance shanun da hannunsa, ya ce, "Yaya, ka yarda da ni, kwana ɗai." Yarinyar ta rasu bayan kwana biyu, yaron ya bi ta washegari. Ba su kaɗai ba ne a garin, amma su ya faɗa mini da suna.

Da muka isa masu allura suka shiga aikinsu, ni na zagaya bayan inji. A ramin ƙofa ta ɗaya, wanda na bari ba komai, sai ga waya. Na bi ta, ta kai ni ga suri, ɗan abin nan da ake turawa a tebur kibiya ta motsa.

"Manjo, wa yas sa wanga?"

Ya ce wani abokinsa ma'aikacin furoje ne ya kawo masa tsaraba daga Keita, sati uku da suka wuce, har ya sa masa disket ɗinsa don ya riƙa tashi tare da inji. Suri a ƙofa ta ɗaya, rediyo a ta uku. Suri ya kama ƙararrawa, akwatin rediyo da program suka daina jin juna, saƙo yana zubewa a bakin ƙofa. Na zare wayar, na goge layin da ke tayar da surin, na sake tayar da inji. Na buga saƙo, cikin minti biyu ya tafi.

Alasan ya ɗauki surin yana juya shi a tafin hannu. Ya ce, "Wanga ɗan abu?" Sai ya zame ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango. Ina tsaye a kansa, na san sarai ba surin ne ya yi masa ƙarya ba. Surin ya tare hanya, gaskiya ne. Amma da layukan nan huɗu suna aiki, tun safiyar farko inji zai ce masa BA A AIKA BA, ya tura mai raƙumi Buza, ya bar wansa ya kama hanya. Na buɗe baki, na ga halin da yake ciki, na ji tsoro, na rufe. Tsoro ne, ba tausayi ba, na daɗe ina kiransa tausayi.

Da na koma aka ce in rubuta abin da na gani. Na rubuta cewa an haɗa suri a ƙofar da ke raba ƙararrawa da ta rediyo, ba da sanin ma'aikatan gyara ba. Ba kalmar ƙarya ko ɗaya a takardar. Aka karanta ta a taro, aka jinjina kai, aka ce daga yau kada wani manjo ya ƙara taɓa bayan inji. Da yamma na je gaishe da Baba Iliya, yana zaune a ƙofar gida, a lokacin da ƙyar yake rarrabe fuska. Ya sa na maimaita masa komai. Sannan ya ce, "To, na ji zancen suri. Amma inji bai hwaɗa mashi saƙo bai tahi ba?"

Na ce, "Ban sani ba, Baba."

Ya juyo da fuskarsa wajena ya daɗe. Shi ya rubuta layukan, ya san ba sa fashi. Bai ƙara tambayata ba, ran nan ko bayanta. Shekara biyu ya ƙara a duniya, muna haɗuwa a majami'a ran Lahadi, yana amsa gaisuwata kamar ta kowa, amma bai sake kirana in karanta masa littafi ba. Wannan ya fi mini duka ciwo, kuma na san na cancance shi.

Sati na gaba na ɗauki disket mai kyau na koma ƙauyen da sunan duba batir. Na cire baka biyun, na haɗa program, ya wuce. Kwata ɗaya na awa, ban ma zauna ba. Ba wanda na gaya wa.

Ba a kori Alasan ba. Amma magana ta riga ta isa gari ta bakin direba, cewa Manjo ne ya ɓata injin da hannunsa saboda son kayan gayu, sannan ya hana mutane tafiya. Mata suka daina kawo yara awo. In ya shiga sahun salla, na kusa da shi ya ɗan matsa. Ya daure har aka yi girbi, sannan ya ajiye makullin ɗakin magani ya kwashe iyalinsa ya bar garin. Na ji labari a ɗakin rediyo, ina cikin darma, na ci gaba da darmata.

Shekara huɗu bayan haka aiki ya kai ni Bangi ranar kasuwa. Ina ratsa layin masu tabarmi sai na ji an ce, "Malam Ayuba." Bai ƙara "mai aljanu" a ƙarshe ba. Yana zaune a kan buhu, igiyoyin kaba jibge a gabansa, furfura ta fito masa. Ya matsa mini wuri, ya aika aka kawo ruwa, ya tambayi iyalina da Baba Iliya. Da na ce Baba ya rasu ya yi masa addu'a. Karamcin nan ne ya karya ni. Na gaya masa duka, tun daga odar direba har zuwa kwata ɗayan da na yi ina gyarawa a ɓoye.

Ya saurara bai katse ni ba. Sannan ya ce, "Ke nan inji ya san saƙo bai tahi ba?"

"Da ya sani, Manjo. Ni nat toshe mashi baki."

Wani ya zo taya igiya, ya tashi ya auna masa da hannu, suka yi ciniki, ya dawo ya zauna. Na ɗauka zai zage ni, na ma so ya zage ni. Ya ce, "Shekara huɗu kullum sai na ga surin ga cikin barci." Ya jawo igiya yana naɗewa. "Ni na riga na saba. Amma Mamman tun ran nan bai amsa gaisuwata ba. Uwarmu ta rasu, mun zamna makoki tabarma guda, bai dube ni ba. Ka tahi ka hwaɗa mashi yadda kah hwaɗa mani. Shi ɗai nika roƙonka."

Na tafi. Na sauka Deule na ƙarasa da ƙafa. Aka nuna mini gonar Mamman a gindin tudu, na same shi da hantsi yana jera duwatsu don tare ruwa kafin damina. Dogo ne kamar ƙanensa, sai dai ba shi da fara'arsa. Muka gaisa, na faɗi ko ni wane ne da wanda ya aiko ni. Bai kore ni ba, ya dafa dutse ya tsaya. Na yi masa bayanin ƙofa da ƙararrawa da layi huɗu, da Hausar da ta fi sauƙi da na iya. Na ce abin da inji ya nuna wa Alasan ƙarya ce, kuma ni na sa shi yin ta. Na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Na ji. Ka yi tahiya mai nisa. Allah shi yahe muna baki ɗai."

Na ce, "To Malam Mamman, ƙanenka ba shi da laihi. Abin da yag gani shi yah hwaɗa maka."

Ya dube ni, ba da fushi ba. Ya ce, "Malam, ni ban san inji ba, ko ganinai ban taɓa yi ba. Na ɗaure shanu, ɗiyana suna cikin amalanke, ɗiyar tana kirana. Ƙanena yaz zo yak kwance da hannunai. Shi nas sani." Ya sunkuya ya ɗauki dutse ya kai shi layi, ya dawo ya ɗauki wani. Na tsaya har na ga ba sauran magana, na yi sallama, ya amsa ba tare da ya ɗago ba.

Kasuwa ta gaba na koma Bangi, domin na yi alkawari zan kawo amsa da bakina. Alasan ya hango ni tun daga layin masu gishiri, ya miƙe tsaye, igiya a hannunsa. Ya dubi fuskata har na iso kusa. Sai ya koma ya zauna a kan buhunsa ya ci gaba da naɗe igiyar, bai tambaye ni komai ba.